Jami'o'i biyar na son musayar alƙaluma: yaya za a yi kada kowa ya auna da mudunsa?

Mai_Tsare-tsare ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai. Tambayata ga waɗanda suka san aikin alƙaluman jami'a ce. Ofisoshin tsare-tsaren karatu na wasu jami'o'i biyar a Arewa, uku na tarayya biyu na jiha, suna son su riƙa musayar alƙaluma duk shekara: yawan ɗalibai, yawan malamai, ɗalibi nawa ne kan malami ɗaya, kashi nawa ke kammalawa a kan lokaci, da abin da ake kashewa kan kowane ɗalibi. Nufin shi ne kowace ta ga inda take tsakanin takwarorinta, ba don a buga ta ɗaya da ta biyar a jarida ba. Da aka gwada haɗa na shekara guda, sai ga jami'o'i biyu masu kusan girma ɗaya, amma adadin ɗalibai kan malami na ɗaya ya kusa ninka na ɗayar, kuma kowa ya rantse nasa daidai ne. Na ji an ce Amurkawa sun daɗe da shawo kan wannan. Yaya suke yi? Kuma manhaja ya kamata a fara saya?

Dakta_Ƙididdiga ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Ku jingine maganar manhaja tukuna. Jami'a biyar, Excel ya ishe ku shekara da shekaru. Kuma mai yiwuwa ne duka biyun nan gaskiya suka faɗa, abin da kowa ya ƙirga ne daban.

Abu biyu ne a Amurka da mutane kan gauraya. Na farko IPEDS, tsarin tattara alƙaluman manyan makarantu, wanda cibiyar ƙididdigar ilimi ta gwamnatin tarayyarsu, NCES, ke gudanarwa tun 1986. Shi dole ne. Duk makarantar da ɗalibanta ke cin tallafi ko bashin karatu na tarayya sai ta cika shi, kuma makarantun sun kai wajen dubu shida. Zubi uku ake karɓa a shekara, ɗaya ya rufe a Oktoba, ɗaya a Fabrairu, ɗaya a Afrilu. Kowace makaranta tana da mutum ɗaya tak da ake kira mai riƙe da makulli, shi ne ke kulle bayanan ya miƙa. Kafin ya kulle, tsarin zai gwada abin da ya shigar da na bara, in wani adadi ya yi tsalle sai ya rubuta dalili.

Na biyu shi ne Common Data Set, wanda ba na gwamnati ba ne. Fom ne guda da jami'o'i suka amince da shi tare da masu buga jagororin neman gurbi, wato College Board da Peterson's da U.S. News, tun shekarun 1990, saboda ofisoshi sun gaji da amsa tambaya ɗaya da aka juya ta iri goma. Sassansa goma ne, A zuwa J: yawan ɗalibai a B, ɗaukar sababbi a C, kuɗin makaranta a G, tallafi a H, malamai da girman aji a I, digirin da aka bayar a J. Jami'o'i da yawa suna sa shi a shafinsu, ku sauko da guda biyu ko uku ku duba. Amma ba tambayoyin za ku fi amfana da su ba, shafukan ƙarshe ne, inda aka fassara kowace kalma: wane ne ɗalibi, wane ne malami, wace rana ake ƙirgawa.

Ga yadda rashin wannan fassarar ke haifar da abin da kuka gani. A ce jami'a tana da ɗalibai 12,000 na cikakken lokaci da 3,000 'yan fat-tayim, malamai 400 na dindindin da 150 masu zuwa su koyar su tafi. In ka raba 15,000 da 400, za ka sami kusan 38. In ka raba 15,000 da 550, 27. Wanda ke son fuskarsa ta yi kyau zai raba 12,000 da 550 ya sami 22. Makaranta ɗaya ce, rana ɗaya ce, babu wanda ya ƙirƙiri ko mutum guda. Dokar Common Data Set ita ce a ɗauki na cikakken lokaci a ƙara masu kashi ɗaya cikin uku na 'yan fat-tayim, ta ɓangaren ɗalibai da ta malamai duka. Ɗalibai sun zama 13,000, malamai 450, amsa 29. Sannan ana cire malamai da ɗaliban makarantun da ke tsaye da kansu kan karatun gaba da digiri, irin su likitanci da lauya, don a can waɗannan bayan digirin farko ake shigarsu. Ba wai kashi ɗaya cikin ukun nan wahayi ba ne. Amfaninsa kawai kowa shi ya bi.

Ranar ƙirge kuma 15 ga Oktoba ce, ko ranar da makarantar ta tsayar a hukumance a zangon farko. Wanda ya yi rajista bayanta bai shiga ba, wanda ya gudu bayanta yana ciki. Kammalawa kuwa zubi ake bi: sababbin ɗaliban cikakken lokaci da suka shigo a shekara ɗaya, a duba nawa suka gama cikin ninki ɗaya da rabi na tsawon kwas, wato shekara 6 ga kwas ɗin shekara 4. Wannan ma'aunin ya samo asali daga wata dokarsu ta 1990. Aibinsa sananne ne, ya bar waɗanda suka sauyo makaranta da 'yan fat-tayim a waje, shi ya sa a 2015 aka ƙara wani ma'aunin da ke bin kowa har shekara 8.

Girman aji ma ba matsakaici suke bayarwa ba. Gida bakwai ne: 2 zuwa 9, 10 zuwa 19, 20 zuwa 29, 30 zuwa 39, 40 zuwa 49, 50 zuwa 99, sai 100 zuwa sama, a faɗi aji nawa ya faɗa kowane gida. Wannan ku kwafe shi, sai dai ku tsaga gidan ƙarshen, don a wurinmu "100 zuwa sama" zai haɗiye ajin mutum 120 da na mutum 1,000 a baki ɗaya.

Hajiya_Rajista ta rubuta:

Dakta ya faɗi gaskiya kan fassarar kalmomi, amma in kuka ɗauko na Amurka yadda yake, a layin farko za ku maƙale. 15 ga Oktoba tana aiki a can ne don kusan kowa a Agusta ko Satumba yake buɗewa. Mu kuwa tun yajin aikin ASUU na 2020, da na 2022 da ya ci wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kalandar jami'o'i ta warwatse, ga na jiha da wasunsu ba su shiga yajin ba ko suka janye da wuri. Rana ɗaya wani yana jarrabawar zango na biyu, wani bai gama rajistar sababbi ba. Don haka kada ku tsayar da kwanan wata, ku tsayar da matsayi a cikin zango: a ce ƙarshen mako na shida da fara lacca a zangon farko, ko ranar da aka rufe rajistar makara, wanda duk ya riga zuwa. A ranar a kwafe rumbun bayanan a ajiye, kada a sake taɓa kwafin. Yawancin saɓanin da ake samu tsakanin ofishin magatakarda da na tsare-tsare daga nan yake, ɗaya ya jawo adadi a Maris ɗaya a Yuli daga rumbun da kullum yake motsi.

Sai wane ne ɗalibi. Adadi uku ne ake kira da suna ɗaya: wanda aka ba gurbi ta CAPS ɗin JAMB, wanda ya karɓi gurbin, da wanda ya biya kuɗi ya yi rajistar kwasa-kwasai. Na ukun kaɗai ne ɗalibi. Sauran biyun ku ajiye su a layinsu, suna da amfani wurin gane gurbi nawa ke tafiya a banza. Bayan haka ku ware 'yan difloma, 'yan share fage da IJMB, 'yan karatu daga nesa, da ɗaliban kwalejojin ilimi masu yin digiri da sunan jami'ar. Waɗannan na ƙarshen su suka fi rikita lissafi: takardar shaidar ta jami'a ce, amma malaman da ke koyar da su ba sa cikin malamanta. In ɗaliban sun shiga lissafi malamansu ba su shiga ba, adadin ya kumbura ke nan.

Malamai kuwa nan ne gizo ke saƙar. Malamin ziyara yana cikin jerin jami'arsa ta asali, yana cikin na inda yake ziyara, wani ma wuri uku. Ku biyar in kuna maƙwabtaka, ba mamaki ku ƙirga mutum ɗaya sau uku. Kwamitin Farfesa Mahmood Yakubu da ya binciki buƙatun jami'o'in gwamnati a 2012 ya nuna yadda wasu jami'o'in, musamman sababbi, suka dogara da irin waɗannan malaman, kuma shi ne ya ce kashi 43 cikin ɗari ne kawai na malamai ke da digiri na uku a lokacin. Ku yi gida-gida: na dindindin da ke bakin aiki a ranar ƙirge, na dindindin da ya tafi ƙaro karatu ko sabatika ko aka ba wata hukuma aronsa, mai kwantiragi, mai ziyara. Na biyun yana karɓar albashi amma ba ya shiga aji, don haka ya shiga lissafin kuɗi, kada ya shiga na ɗalibai kan malami. Ku kuma yanke tun yanzu ko mataimakan malamai masu digirin farko suna ciki. Kuma don Allah kada a ɗauko jerin da aka shirya wa masu tantance kwasa-kwasai. Kowa ya san wannan jerin kwalliyar ranar biki ce. Takardar albashin watan ƙirge za a ɗauka.

Wani abu kuma, adadi ɗaya na jami'a gaba ɗaya ba ya gaya muku komai. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, kanta tsangaya-tsangaya ta tsayar da nata: malami 1 ga ɗalibai 30 a fasaha da zamantakewa da ilimi da shari'a, 1 ga 20 a kimiyya, 1 ga 15 a injiniya da noma, 1 ga 10 a likitanci. Jami'ar da ke da kwalejin likitanci dole nata ya fito ƙasa da na wadda rabin ɗalibanta 'yan tsangayar ilimi ne, ba don ta fi ta kyau ba. To ko a matakin sashe akwai tarko. Sashen lissafi na iya samun ɗalibansa ƙalilan, amma shi ke koyar da duk 'yan injiniya da 'yan kimiyya a aji ɗaya. In da kawunan ɗalibansa kuka auna shi, za ku ce malamai sun yi masa yawa alhali su suka fi kowa shan wahala. Maganinsa a ƙirga da yunit: kowane kwas, a ninka yunit ɗinsa da yawan waɗanda suka yi rajistarsa, a tara na sashen duka, a raba da nauyin ɗalibi ɗaya na shekara. Ƙa'idar NUC yunit 15 ne mafi ƙaranci a zango, 24 mafi yawa, to ku zaɓi adadi ɗaya, a ce 36 a shekara, kowa ya raba da shi. Wannan ya fi kashi ɗaya cikin ukun Dakta dacewa da mu, don shi zai warware maganar 'yan fat-tayim ma ba tare da kintace ba.

Kammalawa: ninki ɗaya da rabi ya zo daidai da ƙa'idarmu, tunda ɗalibin kwas ɗin shekara 4 ba ya wuce 6. Amma ku ƙirga da shekarar karatu, ba ta kalanda ba, in ba haka ba yajin aiki kuke aunawa ba jami'a ba. 'Yan DE da ke faɗowa aji biyu zubinsu daban, kada a zuba su cikin 'yan UTME wurin ƙirga waɗanda suka kammala alhali ba sa cikin waɗanda aka ɗauka, don ta haka ne ake ganin sashe ya yaye fiye da waɗanda ya ɗauka. Ranar kammalawa kuma ita ce ranar da Sanet, wato majalisar malaman jami'a, ta amince da sakamako. Bikin yaye ɗalibai ba ma'auni ba ne, jami'o'inmu kan tara na shekara biyu ko uku su yi rana ɗaya.

Baban_Odita ya rubuta:

Ni ta ɓangaren yarjejeniya da kuɗi zan shigo. Abin da kuke son yi ya fi kama da ƙungiyoyin sa kai na can, ba IPEDS ba. Akwai AAUDE ta manyan jami'o'in bincike tun 1973, da HEDS ta kwalejoji masu zaman kansu tun 1983. Ginshiƙinsu ɗaya ne: ka ba da naka ka ga na wasu, kuma abin da ka gani na aikin cikin gida ne, ba na talla ba. Ku rubuta wannan, shugabannin jami'o'in biyar su sa hannu, ba daraktoci kaɗai ba, don darakta yana sauka a zo da wani. A rubuta cewa wanda bai kawo wani sashe ba, ba zai ga na kowa a wannan sashen ba. A rubuta cewa in za a nuna wa majalisar gudanarwa ko gwamnatin jiha, sauran jami'o'in su fito da A, B, C, D. Ranar da shugaba ɗaya ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce mun fi wance, daga ranar kowa zai fara gyara nasa kafin ya aiko.

Ba zargi ba ne, an gani a inda ake ganin sun fi tsari. Common Data Set babu mai bincikarsa, abin da makaranta ta faɗa shi ne. A 2012 kwalejin Claremont McKenna ta amsa cewa an yi shekaru ana ƙara makin jarrabawar shigar ɗalibanta. Tsohon shugaban makarantar kasuwanci ta Jami'ar Temple, Moshe Porat, kotu ta same shi da laifi a 2021 kan alƙaluman ƙarya. A 2022 wani farfesan lissafi na Columbia, Michael Thaddeus, ya zauna da jadawalin darussan jami'arsa ya ƙirga girman azuzuwa da kansa, ya ga bai zo daidai da abin da aka kai wa U.S. News ba. Jami'ar ta amsa kuskure a girman aji da yawan malamai masu digirin ƙoli, ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18 a jerin darajar jami'o'i na U.S. News. Ku lura da yadda ya gano: adadin da aka bayar ya gwada da wata takarda da wani ofishi daban ya fitar don wata buƙata daban. Haka za ku yi wa kanku. Ɗalibai a gwada da rasiɗan ofishin ma'aji. Malamai da takardar albashi. Waɗanda suka kammala da takardun Sanet da jerin da aka aika wa NYSC. Jimillar maza da mata, da ta azuzuwa, da ta tsangayoyi, duk su faɗa kan adadi ɗaya. Duk abin da ya motsa fiye da kashi 10 cikin ɗari daga na bara, a rubuta dalili a gefensa.

Kada ku aika wa juna sunaye ko lambobin ɗalibai, jimilla kawai, ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Jimillar ma tana tona asiri in gidan ƙarami ne: sashen da mace ɗaya ce farfesa, matsakaicin albashin farfesoshi mata albashinta ne. Hukumar ƙididdigar manyan makarantu ta Birtaniya, HESA, tana mayar da kowane adadin mutane zuwa ninkin 5 mafi kusa, ba ta fitar da kashi cikin ɗari in mutanen ba su kai 22.5 ba, ba ta fitar da matsakaici in su 7 ne ko ƙasa. Ku ɗauke shi yadda yake.

Kuɗi kan kowane ɗalibi kuwa, shawarata ku bar shi sai shekara ta biyu. Raba kasafin jami'a da yawan ɗalibai shirme ne. Shekarar da TETFund ta gina babban ɗakin lacca adadin zai haura, shekara mai zuwa ya faɗo, ba abin da ya sauya a aji. Asibitin koyarwa na tarayya kasafinsa ta ma'aikatar lafiya yake bi, na jiha kuma wani lokaci a cakuɗe yake. Abin da aka amince a kasafi daban, abin da aka saki daban. Hanyar da Jami'ar Delaware ta fito da ita a 1992 ta fi: kuɗin koyarwa kai tsaye na kowane sashe, wato albashi da alawus da kayan aiki, a raba da yunit ɗin da sashen ya koyar, a gwada kimiyyar sinadarai da kimiyyar sinadarai. Gine-gine a waje. Kuma da yadda naira take, ku gwada jami'a da jami'a a shekara ɗaya, kada ku gwada 2022 da 2024 ba tare da cire hauhawar farashi ba.

Dakta_Ƙididdiga ya rubuta:

Na sallama wa Hajiya kan yunit. Abu ɗaya zan ƙara: sunan sashe ba abin dogaro ba ne. Kimiyyar kwamfuta a wata jami'a tana ƙarƙashin lissafi, a wata tsangaya ce mai zaman kanta. Amurkawa lamba mai alƙaluma shida ta tsarin rarraba kwasa-kwasai, CIP, suke liƙa wa kowane kwas. Ku ku yi amfani da fannoni 17 na CCMAS, kundin tsarin karatun jami'o'i da NUC ta fitar a Disamba 2022, kowane kwas a ba shi gida ɗaya ko da a wace tsangaya yake zaune.

Sannan biyar sun yi kaɗan a ɗauki matsakaici, babba ɗaya za ta ja kowa. Ku jera adadin biyar ku ɗauki na tsakiya, ku nuna na sama da na ƙasa. Jami'ar da aka kafa a 1962 ko 1975 mai asibitin koyarwa ba takwarar ta jiha mai shekara goma sha ba ce a komai, amma sashen Hausa na wannan da na waccan ana iya gwada su.

Mai_Tsare-tsare ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, malamai. Hajiya, saura ɗaya. Biyu daga cikin jami'o'in sun haɗe ɗaukar shekara biyu suka shigo da su lokaci ɗaya bayan yajin aiki. Zubi ɗaya ne ko biyu?

Hajiya_Rajista ta rubuta:

Ɗaya ne, Malam. Zubi da ranar da aka fara lacca ake gane shi, ba da shekarar da aka rubuta JAMB ba, tunda tare suka zauna aji kuma tare agogonsu ya fara. Amma ku ƙara layi a ƙarƙashinsa da ke nuna nawa suka fito daga kowace shekarar JAMB, shekarar da aka soke kuma a rubuta "babu ɗauka", kada a sa sifili, don Excel zai ɗauki sifilin ya shigar da shi lissafi. Ku sa alama a kan wannan zubin har ya fita, saboda zai kumbura aji ɗaya bana, aji biyu baɗi, haka har ƙarshe, kuma a shekarar da suka gama adadin masu kammalawa zai yi tsalle ya wuce kashi 10 ɗin Baban Odita. Ku rubuta dalilin tun yanzu a kundin fassarar kalmomin, da kwanan wata, don mai yiwuwa wanda zai cika fom ɗin a wannan shekarar bai ma zo ofis ɗin ba tukuna.